SEEBOHM ROWNTREE, MUTUMIN DA YA YI WA TALAUCI MUDU

Kowa ya san talauci in ya gan shi. Amma a ce wa mutum ya faɗi yawan matalautan garinsu, ko kuwa ya faɗi ko na bana sun fi na shekara talatin da suka wuce yawa, nan fa gardama ta kan tashi, don ko wane dattijo da irin tasa shaidar. Wani ya ce dā an fi wadata, wani ya ce yanzu. A zamanin nan Bankin Duniya ya kan ba da lissafi cewa kamar mutum 1 cikin ko wane 10 na mutanen duniya yana cikin matsanancin talauci, alhali kuwa cikin 1990 sun fi 4 cikin 10. Wannan al'ada ta yanka wani adadin kuɗi a ce duk wanda bai kai shi ba matalauci ne, sa'an nan a riƙa ƙidayawa shekara da shekaru, tana da mafari. Cikin waɗanda suka fara ta akwai wani Bature mutumin Ingila, Benjamin Seebohm Rowntree, wanda ya auna garinsu har sau uku tsakanin 1899 da 1950. Labarinsa za mu ba masu karatu yau.

An haife shi ran 7 ga watan Yuli, 1871, a York, wani tsohon birni mai ganuwa a arewacin Ingila. Ubansa, Joseph Rowntree, yana da ma'aikatar koko da cakulan. Ba kokon da mu ke sha da ƙosai mu ke nufi ba, 'ya'yan itacen nan ne da a ke nomawa a kurmi. Sa'ad da aka haifi yaron ma'aikatar ƙarama ce, amma kafin ya kai ƙarfi ta bunƙasa har tana ɗaukar ma'aikata dubbai. Gidansu 'yan wata ɗarika ce ta Kirista da a ke kira Quaker, mutane ne da ba su rantsuwa, ba su zuwa yaƙi, ba su son alfahari cikin tufafi ko magana, suna kuwa ɗaukar dukiya amana ce. Uban ma kansa, tun yana saurayi, ya taɓa tattara lissafin gajiyayyun Ingila ya rubuta. Ashe abin gado ne.

Ya yi karatu a makarantar 'yan ɗarikarsu ta Bootham, a nan York, daga nan ya tafi Kwalejin Owens ta Manchesta ya ɗan koyi ilmin sinadari. Cikin 1889, yana da shekara 18, ya shiga ma'aikatar ubansa, aka ba shi aikin gwada kayan da a ke haɗawa. A nan hannunsa ya saba da sikeli. Ran Lahadi kuwa ya kan koyar a ajin manya, inda leburori ke zuwa neman ilmi, har ya riƙa ziyartar ɗalibansa a gidajensu yana ganin yadda su ke zaune. Cikin 1897 ya auri Lydia Potter, a shekaran nan kuma aka sa shi cikin manyan kamfani.

To, a lokacin nan akwai wani attajiri mai jiragen ruwa, Charles Booth, wanda tun 1886 ya ke binciken zaman mutanen Landan unguwa unguwa. Lissafinsa ya nuna kusan mutum 31 cikin 100 na birnin suna cikin talauci. Mutane da yawa suka ce ai wannan Landan ce, matattarar baƙi da 'yan iska, sauran garuruwa ba haka su ke ba. Rowntree ya ga ba abin da zai raba gardaman nan sai a ɗauki wani gari matsakaici a bincika shi tas. Ya ɗauki nasu.

Cikin 1899 aka fara. Mutanen York a sa'an nan 75,812 ne. Ya ware gidajen da ke da barori, don a ganinsa mai iya ɗaukar bara ya wuce talauci, sa'an nan aka bi sauran ƙofa ƙofa: gida 11,560, mutum 46,754. A ko wane gida a kan rubuta sana'ar mai gida, da yawan 'ya'ya da shekarunsu, da yawan ɗakuna, da kuɗin haya, da gida nawa ke tarayya a famfo ɗaya ko makewayi ɗaya. Batun albashi kuwa, da ya ke ya san ba kowa ke faɗin abin da ya ke samu ba, sai ya nemi yawancinsa daga wajen masu ba da aiki, abin da ya zo masa da sauƙi tun da shi ma ɗayansu ne.

Ƙidaya kaɗai ba ta isa ba, sai da mudu. Nan ne ya yi abin da ya sa har yau a ke ambatonsa. Ya duba binciken masana abinci, musamman wani Ba'amurke, Atwater, da gwajin da wani likita ya yi a kan abincin fursunoni a Sikotilan, ya tsai da cewa namiji mai aikin ƙarfi matsakaici yana bukatar kalori 3,500 a rana, kalori kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki. Ya rage wa mata da yara gwargwadon nasu. Sa'an nan ya nemi abincin da ya fi araha wanda zai ba da wannan ƙarfi, ya ɗauko tsarinsa daga abin da a ke ba mazauna gidajen gajiyayyu na hukuma, ya ma ƙara tsananta shi: burodi, da kunun hatsi, da cuku, da dankali, da ɗan kitse, babu sabon nama daga mahauta ko sau ɗaya a mako. Ya bi kantunan York ya sami farashin ko wane abu. Ga miji da mata da 'ya'ya uku, abinci ya kama sule 12 da kwabo 9 a mako, haya sule 4, tufafi da kwal da fitila da sabulu sule 4 da kwabo 11. Jimla sule 21 da kwabo 8, watau fam guda da sule ɗaya da kwabo takwas. Dattawanmu da suka yi ciniki da fam da sule kafin zuwan naira cikin 1973 ba sa bukatar a fassara musu. Wannan adadi shi ne abin da yanzu a ke kira layin talauci.

Ya kamata masu karatu su lura, Rowntree bai ce wannan kuɗi ya ishi iyali zaman mutunci ba. Da gangan ya ƙuntata mudun, don kada wani mai wadata ya sami ƙofar cewa an yi wa talakawa sassauci. Ya bayyana da kansa irin zaman da za a yi a kan sule 21 da kwabo 8. Ba shiga jirgin ƙasa ko mota. Ba sayen jarida ko ta ɗari, watau rabin kwabo. Ba aika wa ɗa da ke nesa wasiƙa, don ba kuɗin kan sarki. Ba sadaka, ba taimakon maƙwabci, ba ajiya, ba kuɗin ƙungiya. Yaro ba shi da alewa, uba ba shi da taba, uwa ba ta da tufafin ado. In yaro ya yi ciwo sai likitan gajiyayyu, in ya mutu hukuma ce za ta binne shi. Mai gida kuwa kada ya kuskura ya fasa aiki ko rana ɗaya. In aka keta ɗaya daga cikin waɗannan, to, daga tukunya za a cire kuɗin. Ya kuwa gano daga bakin wa a ke cirewa: uwa da yara su kan rage nasu don mai gida ya sami ƙarfin fita aiki.

Littafin ya fito cikin 1901, sunansa Poverty: A Study of Town Life, watau binciken talauci cikin zaman birni. Mutum 7,230, kusan kashi 10 cikin 100 na mutanen gari, abin da gidansu ke samu bai kai ko wannan ƙuntataccen mudu ba, ko da ba a ɓatar da anini ba. Su ya kira masu talauci na fari. Waɗansu 13,072 samunsu ya kai, amma ga su cikin rashi a fili, don wani abu na kuɗin yana tafiya wata hanya, ko mai amfani ko ta banza kamar giya da caca. Su ne masu talauci na biyu. Gaba ɗaya mutum 20,302, kusan kashi 28 cikin 100, bai yi nisa da abin da Booth ya samu a Landan ba. Shekarar kuwa ta arziki ce, ciniki na tafiya, Ingila tana kan ganiyar mulkinta. Shekara biyu bayan fitowar littafin ne sojan Lugard suka ci Kano da Sakkwato.

Abin da ya fi girgiza mutane shi ne dalilan. A zamanin nan galibin masu hali sun ɗauka lalaci da shaye-shaye ke jawo tsiya. Lissafin ya nuna fiye da rabin masu talauci na fari, kashi 52 cikin 100, suna gidajen da mai gida ke aiki kullum ba fashi, albashin ne bai isa ba. Kashi 22 yawan 'ya'ya ne, kusan kashi 16 mutuwar mai gida. Rashin aiki bai kai ko kashi 3 ba. Ya kuma bi sawun abin har cikin jiki. A unguwannin da suka fi talauci, cikin jarirai 1,000 da aka haifa 247 ba su kai shekara guda ba, a gidajen masu barori kuwa 94. Aka auna 'yan makaranta, aka tarar yaro ɗan shekara 13 daga gidajen rashi ya gaza tsaransa na gidajen ma'aikata masu sauƙin hali da inci 3 da rabi a tsawo, da laba 11 a nauyi. Duk malamin da ya taɓa tsayawa gaban aji ya san irin yaron nan tun ba a ɗora shi a sikeli ba, amma sanin malami ɗaya ba ya motsa Majalisa.

Akwai wani abu kuma da ya gano wanda mu a ganinmu ya fi sauran zurfi. Ya ce rayuwar lebura tana da zango biyar, uku na rashi, biyu na ɗan sauƙi. Yana yaro cikin ƙanne da yawa, rashi. Ya fara aiki bai yi iyali ba, sauƙi. Ya yi aure 'ya'ya sun kai uku ba wanda ya isa aiki, rashi kuma, har wajen shekara goma. 'Ya'ya sun fara kawo nasu, sauƙi. Sun watse, ƙarfi ya ƙare, rashi har kabari. Saboda haka wanda ya ƙidaya matalauta a rana ɗaya bai ga dukansu ba, don da yawa daga waɗanda ya tarar bisa layi jiya suna ƙarƙashinsa, ko kuwa gobe za su koma.

Masu suka ba su yi shiru ba. Manyan wata ƙungiyar ba da sadaka ta Landan, irin su Helen Bosanquet, suka ce lissafin talauci na biyu ba awo ba ne, ganin ido ne kawai, mai bincike ya leƙa gida ya ga dauɗa ya rubuta. Nan kam suna da gaskiya, shi ma daga baya bai sake yin irin wannan ƙidaya ba. Amma na farin ba wanda ya iya rushe shi. Winston Churchill, yana sabon ɗan Majalisa, ya karanta littafin ya dame shi ƙwarai. Lloyd George, wanda ya zama Ministan Kuɗi cikin 1908, ya ɗauki Rowntree aboki kuma mashawarci. Cikin shekarun nan aka yi dokar ciyar da 'yan makaranta mabukata, 1906, da ta fanshon tsofaffi, 1908, sule 5 a mako ga wanda ya kai shekara 70, da ta inshorar ciwo da rashin aiki, 1911. Ba za mu ce littafi ɗaya ya kawo su ba, amma yana cikin abin da masu kawo su suka riƙe hujja.

Shekarun da suka biyo ya yi ayyuka da yawa da ba za mu tsaya kansu ba. Ya binciki zaman manoman Beljiyam da na leburorin gona na Ingila, lokacin Yaƙin Duniya na Farko ya shugabanci sashen kula da lafiyar masu ƙera makamai, cikin 1923 kuma ya gaji ubansa a shugabancin kamfani, inda tun 1919 aka mai da aiki awa 44 a mako. A zamaninsa ne, cikin 1935, aka fara yin cakulan nan da a ke kira Kit Kat.

Cikin 1936, bayan kariyar ciniki da ta game duniya, ya sake bin gidajen York, wannan karon gida 16,362. Nan ya gamu da matsalar da har yau ta ke damun masu wannan aiki. Shekara 37 sun wuce. Farashi ya sake, ilmin abinci ya ƙaru, abin da jama'a ke ɗauka larura ne shi ma ya sake. In ya riƙe tsohon mudu, zai ce da mutanen da kowa ya san suna shan wuya ba matalauta ba ne. In ya ɗauki sabo, ba shi da hanyar gwada bana da dā. Sai ya auna da duka biyu, ya kuma faɗa wa mai karatu wanne ne wanne. Tsohon mudu, wanda ya ke sule 17 da kwabo 8 in an cire haya, ya mai da shi farashin 1936 ya zama sule 30 da kwabo 7. A kansa, masu talauci na fari sun sauko daga kusan kashi 10 cikin 100 na mutanen gari zuwa kusan kashi 4. Sabon mudu kuwa, wanda ya sa wa abinci mafi kyau da ɗan abin jarida da kan sarki da kuɗin ƙungiya, ya kama sule 43 da sisi ban da haya, a kansa kuma kusan kashi 18 na mutanen gari, watau kashi 31 na ma'aikata da iyalansu, suna ƙasa da layi.

Dubi yadda lambobin nan za su iya ɓad da mai gaggawa. Wanda ya jera 10 da 18 zai ce York ta lalace. Wanda ya jera 28 da 18 zai ce ta ɗan gyaru. Dukansu biyu sun auna hatsin bara da tiya, na bana da mudu. Jeri ɗaya kaɗai ke da inganci, 10 da 4, shi ma Rowntree haka ya gargaɗi masu karatunsa cikin littafin da ya fito 1941. Amma bai bar 4 ɗin ta zama abin taƙama ba, ya ajiye 18 kusa da ita. Dalilan ma sun juya: rashin aiki, wanda dā bai kai kashi 3 ba, yanzu ya kusa kashi 29. Sa'ad da William Beveridge ke shirya rahotonsa na 1942, wanda a kansa aka gina tsarin taimakon jama'a na Ingila bayan yaƙi, ya sa Rowntree cikin 'yan kwamitin da suka tsai da abin da zai ishi mutum rayuwa.

Awo na uku ya zo cikin 1950, yana da shekara 79, tare da mataimakinsa G. R. Lavers. Wannan karon ba a bi ko wane gida ba, an ɗauki ɗaya cikin ko wane tara, yadda mai sayen hatsi ya kan zura hannu cikin buhu ya san sauran. Layin ya zama fam 5 da kwabo 2 ban da haya. Sakamako ya fito cikin 1951: ƙasa da kashi 3 cikin 100 na ma'aikata ke ƙarƙashin layi, yawancinsu tsofaffi. Jaridu suka yi ta shelar cewa an kusa gamawa da talauci a Ingila, aka kuwa zauna a kan wannan zato shekaru. Sai cikin 1965 Brian Abel-Smith da Peter Townsend suka nuna cewa in an auna mutum da irin zaman da sauran jama'ar ƙasarsa ke yi, matalauta miliyoyi ne. Cikin shekara ta 2000 kuma waɗansu masana biyu, Hatton da Bailey, suka sake lissafin 1950 ɗin, suka tarar adadin da aka buga ya yi ƙasa ƙwarai da abin da ya kamata. Cikin awonsa uku, na ƙarshen nan shi ne mai rauni, shi ne kuwa aka fi yi wa tafi, don ya faɗi abin da a ke so a ji.

Masu auna talaucin duniya duka sun gaji hanyarsa, sun gaji wahalarsa. Cikin 1990 Bankin Duniya ya duba layukan talauci na ƙasashe mafi rashi ya tsai da kimanin dala 1 a rana. Da farashi ya sake aka mai da shi dala 1.25 cikin 2008, dala 1.90 cikin 2015, dala 2.15 cikin 2022, dala 3 cikin Yunin 2025. A wannan gyara na ƙarshe, lissafin matalautan shekarar 2022 ya tashi daga miliyan 713 zuwa miliyan 838, ba don wani ya rasa abincinsa a daren ba. Shi ya sa duk sa'ad da aka sake layi a kan koma a sake lissafin shekarun baya da shi. Masu son leƙawa can nesa kuwa aikinsu ya fi wuya, don cikin 1820 ba wanda ya bi gidaje da takarda. Bourguignon da Morrisson, cikin 2002, sun yi kirdado daga lissafin arzikin ƙasashe, suka ce kashi 84 cikin 100 na mutanen duniya ke cikin matsanancin talauci a 1820, kashi 24 a 1992. Waɗansu masana na baya, irin su Robert Allen da Michail Moatsos, suka koma ga dabarar York, watau a nemi farashin abinci mafi araha da zai riƙe jiki a ko wace ƙasa da ko wane zamani. Ta wannan hanya Moatsos ya sami kamar kashi uku cikin huɗu a 1820. Lambobin sun sha bamban, amma duka sun nuna gangara mai tsawo, wadda ta fi sauri bayan 1990 saboda Sin da Indiya.

Mu ma nan gida abin ya shafe mu. Hukumar Ƙididdiga ta Nijeriya, a bincikenta na 2018 zuwa 2019, ta gina layinta a kan kuɗin abincin da zai riƙe jiki da sauran larurori, ya kama naira 137,430 ga mutum ɗaya a shekara, ta sami kashi 40 cikin 100 ƙarƙashinsa, ban da Borno inda ba a iya bin gidaje sosai ba. Ta kuma yi gargaɗi kada a jera wannan adadi da na binciken shekara goma kafinsa, don hanyar tambaya ta sake.

Rowntree ya sauka daga shugabancin kamfani cikin 1941. Matarsa, wadda ta haifa masa 'ya'ya biyar, ta rasu cikin 1944. Ƙarshen kwanakinsa ya yi su ne nesa da York, a wani sashe na gidan Hughenden kusa da High Wycombe, gidan da dā Firayim Minista Disraeli ya zauna. A nan ya rasu ran 7 ga watan Oktoba, 1954, yana da shekara 83. Takardunsa suna ajiye a Jami'ar York, kuma daga abin da ya tsira na takardun gidajen da aka bi cikin 1950 ne masu gyara lissafinsa suka yi aikinsu.